Ba Kabtin Asabe Ce Ta Aike Mu Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Asabe a nan Makka. Duk shekara idan watan ya kama nakan dafa abincin sadaka, in kira 'yan'uwa a Zariya mu yi mata addu'a ta waya, in share hawayena in koma kan keken ɗinkina. Bana na ga wannan bai isa ba. Akwai maganar da na daɗe da haɗiyewa, ta kuma ƙi wucewa: Yaya ta bar duniya 'yan wasan da ta horar suna ganin ta ci amanarsu, alhali ba ta ci ba. Ni na aikata abin, ita ta tafi da baƙin sunan.

Waɗanda suka san ta a gida za su tuna doguwar macen nan mai ɗan ɗingishi, wadda ta buga wa wani kamfani ƙwallon kwando a ƙuruciyarta. Mahaifiyarmu ta mutu ba ta gane wannan sana'a ba. Takan ce ta haifi 'ya'ya mata biyu, ɗaya tana ɗinka tufafi, ɗaya tana yaga su. Yaya ta yi tashe na 'yan shekaru, har ranar da idon sawunta ya goce a fili. Kafin ta ajiye sanda an cire sunanta daga kulob, kuma a bakin maigadi ta ji labarin. Ba ta cika ba da wannan labari ba, amma bai taɓa barin ta ba. Daga nan ta koma koyar da wasan, ta yi shekaru tana fama da 'yanmata a filayen makarantu, har mijinta ya rasu ya bar ta babu ɗa babu jika.

Ni na jawo ta Makka. Na riga ta zuwa da shekara goma, ina ɗinki a unguwar Mansur, maigidana yana tuƙi. Wata mai kawo mini ɗinki ta ce uwargijiyarta, Ummu Faisal, tana da wurin motsa jikin mata a unguwar Rusaifa, ta haɗa kulob na ƙwallon kwando, tana neman macen da ta san wasan da gaske. Na yi ta zirga-zirga har takardu suka fito. A lokacin babu wata sana'a a takarda mai suna horar da mata wasa, don haka a igamar Yaya, katin zaman da kowane baƙo yake numfashi da shi a ƙasar nan, aka rubuta mai shara. Da ta karanta sai ta yi dariya ta ce ba laifi, ai za ta share musu kulob-kulob ɗin Jidda ɗaya bayan ɗaya.

Filin ma ba fili ba ne. Zauren biki ne a bayan ginin. Kowace Asabar da safe Yaya takan durƙusa ta shimfiɗa layukan fili da salatif, tana awo da igiyar da ta ƙulla da hannunta, a jawo kwandunan daga ɗakin ajiya. Ranar Laraba da yamma ta ɓanɓare komai, saboda Alhamis amarya za ta taka wurin. Na taɓa tambayarta ko ba ta gajiya da gina abin da za ta rushe da kanta duk mako. Ta ce ni ma ai ina ɗinka rigar da za ta tsufa.

'Yan wasanta goma sha biyu ne. Fiye da rabinsu jikokin Hausawa ne da kakanninsu suka zo Hajji a ƙafa suka zauna, 'yanmata dogaye masu Hausar da ke tuntuɓe da Larabci a kowace jimla. Ba wasan yara suke yi ba, aikinsu ke nan. Ana ba su ɗan abin hannu duk wata, suna buga wasa da kulob-kulob na Jidda a rufaffen zaure, mata zalla ke kallo, kuma sunan wurin Ummu Faisal yana ta bunƙasa da nasarorinsu. Sai dai babu wadda ke da yarjejeniya a rubuce, babu inshora, wadda a nan ake kira ta'amin. A takarda wata mai karɓar baƙi ce, wata mai kula da tawul. Suna kiran Yaya Kabtin, kamar yadda ake kiran koci a ƙasar nan, kuma na ga yadda fuskarta ke sakewa idan suka faɗa. Ta san wadda ba ta karya kumallo ba, ta san wadda babanta ya fara gunaguni, ta kuma san gidan da za ta je da dabino ta lallashi uwa. Babbarsu Amal ce, 'yar unguwar Utaibiyya, mai ƙarancin magana da taurin kai irin na Yaya sak.

Yau idan na fita ina ganin 'yanmata sun taso daga makarantar gwamnati suna hirar darasin wasanni, ina ganin mace a bayan sitiyari da jakar wasa a kujerar baya, sai in tsaya in ce ina ma. Na san abin da Yaya za ta fara yi. Ba za ta yi guɗa ba. Za ta tsayar da yarinya ta farko ta tambaye ta, idan gwiwarki ta tsage gobe, wa zai kai ki asibiti, kuma an rubuta? Idan aka nuna mata takarda, to a nan ne za ta yi murmushi. Na kuma san za ta ji zafi kaɗan, don mutum ce. Za ta ce an yi ruwa bayan ta gama aikin rijiya.

Abin ya fara ne da gwiwar Sumayya, ƙaramarsu kuma mafi gudu. Ana atisaye ta yi tsalle ta sauka a karkace, a wurin da aka goge tayil da man ƙyalli saboda bikin ƙarshen mako. Yaya ce ta ɗauke ta a kafaɗa zuwa mota. Likita ya ce sai an yi aiki. Kwana uku bayan haka Ummu Faisal ta kira Yaya ofis ta miƙa mata takarda ta sa hannu, cewa yarinyar a gida ta faɗi, ba a zauren ba. Ba zan ce matar muguwa ce ba. Tsoro take ji, domin lasisin wurinta bai ambaci wasa ba, kuma rauni a rubuce zai iya jawo a rufe shi. Amma tsoronta a kan gwiwar 'yar mutane ta so ta sauke shi. Yaya ta karanta takardar sau biyu ta mayar mata, ta ce hannun da ya ɗauki yarinyar ba zai rubuta cewa bai gan ta ba.

Da 'yan wasan suka ji, Amal ta tara su. Suka ce ba atisaye, ba kuma wasan Jidda da ke tafe, sai an ɗauki nauyin aikin Sumayya an kuma rubuta wa kowa yarjejeniya. Ba su san sunan abin da suke yi ba, Yaya ce ta gaya musu a garinmu yajin aiki ake ce masa. Kullum sukan zo, su zauna a gefen fili da abayoyinsu, ba mai taɓa ƙwallo. Ummu Faisal ta umarci Yaya ta hura usur ta tashe su. Yaya ta cire usur ɗin daga wuyanta ta sa a aljihu, ta je ta zauna a cikinsu. Ta ce da su ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ita ma an taɓa yi mata, kuma ba wanda ya zauna dominta.

A nan ne ni na shigo, da wayona. Saura wata biyu igamar Yaya ta ƙare, kuma mijin Ummu Faisal ne kafilinta, wato wanda zamanta a ƙasar ke hannunsa. Saƙo ya iso mana ta bayan fage cewa ba za a sabunta ba. 'Yan wasan 'yan ƙasa ne, iyakar abin da za a yi musu shi ne a sallame su su koma gidan iyayensu. Yaya kuwa jirgi za a sa ta, ta koma Zariya tana da shekara arba'in da shida, ba miji, ba aiki, ga hawan jini. Na yi mata magana har bakina ya bushe. Na ce mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Na ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ta ce ta sani, amma idan ta durƙusa a kan bayan Sumayya za ta durƙusa. Na fita daga ɗakinta ina kuka, rabi tsoro rabi haushi.

Mu Hausawan Mansur muna da hanyar da muke kashe kowace wuta. Idan mace ta yi yaji, idan yaro ya yi wa maigidansa rashin kunya, idan maƙwabta sun ɓata, sai a nemi babba a je ban haƙuri. Ba a tambayar wa ke da gaskiya. Ƙarami ya sunkuyar da kai, babba ya yi magana a madadinsa, a sha gahawa a tashi. Babbar da kowa ke nema a lokacin ita ce Hajiya Baraka, haifaffiyar Makka, tsohuwar da ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, wadda Larabawan unguwa ma ke tashi tsaye idan ta shigo. Na je na same ta. Ta tambaye ni abu ɗaya tak, ko Asabe ce ta aiko ni. Na ce ita ce, kunya ce ta hana ta zuwa da kanta. Wannan ita ce ƙaryar, kuma ban ko yi in'ina ba wajen faɗinta.

Muka je gidan Ummu Faisal bayan la'asar. Hajiya ta yi abin da ta saba yi shekara da shekaru, da kalmomin da take mayar da matan aure ɗakunansu. Ta ce yarinya ce, ta yi kuskure, ta gane, ita ta aiko mu, a yi mata afuwa don darajar wannan gari. Yarinya, ga mace mai furfura a goshi. Ummu Faisal ta zuba mana gahawa da hannunta, ta ce magana ta wuce, takardar ma ta bar ta, Kabtin ta dawo bakin aikinta kawai. Na fito ina jin na ceci 'yar'uwata. Har tsayawa na yi na sayi lemo a hanya.

Abin da ban lissafa ba shi ne, wannan ba faɗan miji da mata ba ne da mutum biyu za su shirya a rufe ƙofa. Mutum goma sha biyu ne suka jingina da bayan Yaya. Washegari da safe, kafin ta iso, Ummu Faisal ta tara su ta ce kocinsu ta aiko manya sun ba da haƙuri, ta amsa kuskurenta. Amal ba ta yarda ba. Ta sa mahaifiyarta ta kira Hajiya Baraka, Hajiya kuwa ta faɗi abin da ta sani, cewa ƙwarai Asabe ce ta aika. Wa zai ƙaryata Hajiya? Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Da yamma Yaya ta zo shagona. Ta jira mai ɗinkin da ke ciki ta fita, ta ja labule, ta zauna a kan kujerar gwaji. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Binta, wa ya aike ki?"

Na ce tsoro nake ji kada a raba mu. Na ce gobe zan je in gaya wa kowa gaskiya.

"Ki gaya musu me? Cewa kin ɗauki tsohuwa kin kai ta gidan mutane ta shaidi ƙarya? Idan na ce ban aike ku ba, Hajiya ta zama maƙaryaciya a ƙarshen rayuwarta. Ke kuma ba mai sake kawo miki ko ɗinkin ɗankwali a Mansur. Wanda ya je da sunan gidanmu, ni ce na je. Ki rufe bakinki."

Na rufe. Ina so in ce biyayya na yi wa yayata, amma na san kaina. Daɗi na ji da ta hana ni.

Ta koma aiki, domin babba ta ba da kalma a madadinta. Yajin ya watse a cikin kwana biyu, don ba mai iya zama a gefen fili bayan wadda ta koya musu zaman ta tashi. Ba a rubuta wa kowa komai ba. Mahaifin Sumayya ne ya yi fafutukar aikin gwiwar shi kaɗai, yarinyar kuma ba ta sake taka fili ba. 'Yan wasan suka ci gaba da yin duk abin da Yaya ta ce, ba musu, ba dariya, ba mai kallon idonta. Suka daina ce mata Kabtin, suka koma Abla, yadda ake kiran kowace malamar makaranta. Ta je gidan su Sumayya sau biyu, aka ce mata tana barci. Na ga yayata tana ramewa a gabana. Har lokacin takan durƙusa ta shimfiɗa layukanta daidai wa daida, amma ta daina ba ni labarin wasa, ni kuma na daina tambaya.

An sabunta igamar. Wata tara ta ci a cikinta. Wata safiya ta faɗi a ɗakinta tana shirin fita, ta kwana uku a asibiti ba ta yi magana ba, Allah ya karɓi abinsa. An yi mata salla a Harami bayan azahar, cikin dubban mutanen da ba su san sunanta ba, kuma mutane suka yi ta ce mini ta yi sa'a, ta samu ƙasar Makka. Gaskiya ne, ina gode wa Allah. Amma kwana ukun zaman makoki idona na kan ƙofa. Matan Mansur sun zo, Hajiya Baraka ta zo da sandarta, Ummu Faisal ta aiko da shinkafa. Cikin goma sha biyun nan ko ɗaya ba ta leƙo ba.

Bayan shekara biyu Hajiya ita ma ta rasu, ba ta taɓa sanin abin da na sa ta yi ba. Daga ranar ba ni da sauran hujjar yin shiru, amma na ƙara shekara biyar ina yi. Kullum sai in ce wa kaina tone-tone ba ya da amfani, wanda ya mutu ya huta. Na ji kulob ɗin ya watse. Na ji Amal ta yi kwas ta samu lasisi, ta zama koci da takardarta da sunan sana'arta a rubuce, abin da Yaya ba ta taɓa riƙewa a hannu ba. Wata mai ɗinki ta gaya mini cewa Amal ba ta karɓar 'yar wasa sai da yarjejeniya da ta'amin, kuma takan ce wa 'yanmatanta ita ba za ta taɓa yi musu abin da aka yi mata ba. Na san wa take nufi. Na sunkuyar da kai na ci gaba da taka keke.

Da na zauna rubuta wannan, niyyata in aika jarida in ce na sauke nauyi. Ina tsakiyar rubutun na gane wata sabuwar dabarar guduwa ce, domin Amal ba ta karanta Hausa, sauran ma haka. Zan yi ikirari ne a inda waɗanda abin ya shafa ba za su ji ba. Sai na ajiye biro. Ranar Talatar da ta wuce na sa maigidana ya kai ni zauren da take aiki.

Fili ne na gaske, da katako a ƙasa da layukan fenti. Na zauna a benci har ta sallami 'yanmatan. Ta gane ni nan take, ta gaishe ni da ladabi da sanyi, ta kira ni Hala, wato inna. Na ce mata ina da magana a kan Asabe, sai na ga ta ɗaure fuska. Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya mata komai, tun daga amsar da na ba Hajiya har zuwa abin da Yaya ta faɗa a shagona. Ta saurara tana tsaye, ƙwallo a ƙarƙashin hammatarta. Da na gama sai ta zauna a ƙasa, a kan katakon.

"Ya Hala," ta ce, "ranar da aka yi mata salla ina cikin Haram. Wallahi na san ita ce. Na tashi na fita. Shekara bakwai, ko marra ɗaya ban sa sunanta a addu'a ba."

Wannan ne ban taɓa aunawa ba. Ina ta lissafin abin da na raba Yaya da shi tana raye, ban tuna abin da na raba ta da shi a kabari ba. Mace ce da ba ta bar ɗa ba. 'Ya'yan da za su ɗaga mata hannu su ne waɗannan goma sha biyun, ni kuma na rufe musu baki shekara bakwai saboda kada a daina kawo mini ɗinki.

Idan aka tambaye ni me ya rage na Asabe, ba kofi ba ne, ba hoto ba, kabarinta ma babu suna kamar na kowa a nan. Abin da ya rage shi ne kocin da ba ta barin yarinya ta taka fili sai an rubuta wanda zai kai ta asibiti. Amal ta ɗauka don ta saɓa wa Yaya take yin haka, ashe darasin Yaya take bi ba ta sani ba. Yanzu ta sani.

Kafin in fito na ga ta ɗauko waya tana neman lambar Sumayya. Na tsaya a bakin ƙofa ko za ta ce da ni wani abu. Ta ɗago ta dube ni, ta ce za ta kira su duka, ɗaya bayan ɗaya, yau ɗin nan. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Ban haƙurin da na yi na farko ya ishe ni. Allah ya jiƙan Asabe, ya kai mata addu'o'in da suka makara.